Tambayoyinku kan fasaha: Kada ka jona tsohon akwatin gem da wuta tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna kwashe kaya a siton baffana a Kaduna sai muka tarar da wani dogon akwatin gem na katako, irin wanda ake tsayawa a gabansa a jefa kwabo a buga. An rubuta Street Fighter II a goshinsa. Baffa ya ce daga Legas ya sayo shi cikin kayan tokumbo, kuma rabonsa da wuta ya fi shekara 20. Ya ce ya bar mini. Ni dai ban taɓa gyaran kayan wuta ba, in ban da canza batirin waya. Na yi niyyar ranar Asabar in tayar da janareta in jona shi in ga ko zai kawo. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Na gode wa Allah da saƙonka ya riga Asabar zuwa. Ka bar janaretan nan ya huta, kai ma ka zauna ka ji.

Babu maganar da ke tayar mini da hankali a harkar nan kamar "bari mu jona mu gani ko zai kawo." Da ita ake kashe kayan da suka yi shekara da shekaru suna jiran mai gyara. Na taɓa tsayawa a shagon wani mai gyara aka shigo da irin wannan akwati a bayan a-kori-kura, mai shi yana cewa ƙara ɗaya ya yi sai hayaƙi. Da aka buɗe, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon, taransifomar ciki ta yi baƙi ƙirin, fanel ɗin gem ɗin, wato allon lantarkin da wasan yake kai, kuma ya tafi. A jikin ƙofar baya ga ɗan ƙarfe nan an rubuta 120 ɓaro-ɓaro, ba wanda ya duba.

To kai fara da nan. Zagaya bayan akwatin ka nemi wannan rubutu. Wanda aka yi don Amurka wutar bolt 120 yake ci, na Japan 100, mu kuwa tamu 230 ce. In ka ga 120 ko 100, sai da taransifomar rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun, kuma babba, ba irin ta aski ba. Ko da baffa ya ce an taɓa juya shi zuwa wutarmu, kada ka ɗauka. Bi wayar da idonka ka ga inda ta shiga. Ƙaramin janareta kuwa, da wutarsa ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firij, ba shi ne za a yi wa tsohon kaya gwajin farko da shi ba.

Sannan ka buɗe ƙofar baya ka haska da fitilar wayarka, hannunka ɗaya a aljihu. Abin da ya yi shekara 20 a sito a Kaduna na san abin da za ka gani: ƙurar hunturu ta yi kauri kamar bargo, zanzaro ya yi gini a kusurwa, kashin ɓera, wataƙila da busasshiyar tsaka a kan fanel. Ɓera ba ya barin waya. Waya ɗaya da ya ɓare ta taɓa wata ta isa ta gama da komai. Kafin ka zare ko da filogi ɗaya, ɗauki hoto. Kowane filogi, ta gaba da ta gefe, yadda launin wayoyin zai fito. Ka manna salatif ka rubuta lamba a kai. Masu bin wannan fili sun gaji da jin wannan daga bakina, amma ba zan daina ba, don duk wanda ya ce zai tuna, bayan kwana 3 shi ne mai aiko mini da tambayar ina jar waya take shiga.

Abin da ke ciki bai kai yadda yake ba da tsoro ba. Akwai akwatin rarraba wuta, akwai fanel ɗin da gem ɗin yake kai, akwai talabijin, sai wayoyi da maɓallai. Kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991, kuma ka yi sa'a, don a lokacin an riga an daidaita yadda ake haɗa fanel da akwati. Tun tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan injuna a Japan ta fito da tsarin da ake kira JAMMA: doguwar mahaɗa mai haƙora 56, 28 a kowane gefe, ta nan wuta da hoto da sauti da maɓallai duk suke bi. Kafin nan kowane kamfani da irin nasa haɗin, shi ya sa mai Pac-Man na 1980 ko Space Invaders na 1978 ya fi ka shan wahala. Taswirar haƙoran nan tana nan a intanet, ka buga ta a takarda ka manna a bango.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau: talabijin ɗin. Irin mai doro ce, ta da, kuma a cikin akwatin gem tsirara take, babu murfin roba da zai kare ka. Za ka ga wata jar waya mai kauri da ta ƙare da faifan roba manne a jikin gilashin. A nan wutar tana kai bolt 20,000 zuwa 25,000 idan tana aiki, kuma gilashin yana riƙe caji bayan an zare filogi daga bango. An kashe ba yana nufin ta huce ba. In ta fizge ka, hannunka zai yi tsalle ba da izininka ba, ya daki ƙarfe mai kaifi ko wuyan gilashin. Wuyan nan siriri ne, shi ne mafi rauni, cikin gilashin kuma babu iska, saboda haka in ya fashe tarwatsewa yake yi. Ga kuma babban kafasito a kan fanel ɗin talabijin ɗin, shi ma yana ajiye nasa cajin.

Na san ka ga bidiyon da ake ɗaura waya a jikin sukundireba, a maƙala ɗaya bakin a ƙarfen talabijin, a zura ƙarƙashin faifan robar har a ji ƙas. Haka ake sauke cajin, gaskiya ne. Amma mai canza batirin waya ba zai koyi wannan shi kaɗai a ɗaki daga bidiyo ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma wata taransifoma mai nauyi a ƙasan akwatin, wadda masu karambani ke cirewa su ce ba ta da aiki tunda wutar da ta shiga ita ce ta fita. Aikinta raba talabijin da wutar bango. Da yawa daga talabijin na waɗannan akwatuna, irin su Wells-Gardner K7000 da Electrohome G07, an ƙera su ne a kan lallai sai da ita. In ka tsallake ta ka jona kai tsaye, ko dai talabijin da fanel su ƙone, ko kuma ƙarfen da kake dafawa ya ɗauki wutar bango. Wutar bangon nan ita ce mai kisa. Kada a taɓa taransifomar, kada a sayar wa 'yan gwangwan don nauyin tagullarta.

Abin yi shi ne ka nemi dattijon mai gyaran talabijin, wanda ya yi zamanin masu doro, ba yaron da ya buɗe ido a kan filasma ba. Suna nan a tsofaffin layukan masu gyaran rediyo, sai dai kullum raguwa suke yi. Ka kai shi har gida, ka biya shi haƙƙinsa, ka tsaya kana kallo. A wurinsa wannan talabijin ce kawai marar akwatin kama tasha. Ya san kafasito da suka bushe, ya san dalmar da ta tsattsage saboda zafi, ya san taransifomar da ke haifar da babbar wutar nan idan ta tsage. Ka roƙe shi ya canza kafasito na fanel ɗin talabijin gaba ɗaya, don masu ruwa a ciki ba sa shekara 30 lafiya.

Naka aikin shi ne mita. Sayi mitar gwada wuta. Zare fanel ɗin gem, zare talabijin, ka kunna akwatin rarraba wuta. Kana neman bolt 5, da 12, da 5 na ƙasa da sifili. Na 5 ɗin nan shi ne ran fanel. Bayan ka mayar da fanel ka sake aunawa a bakin mahaɗar, ka murɗa ɗan maɓallin daidaitawa har ya tsaya tsakanin 5.0 da 5.1. In yana rawa ko ya ƙi saituwa, kada ka ɓata lokaci, sayi sabon akwatin wuta, har yanzu ana yin su. Daga nan, talabijin tana zare, taɓa ƙaramar wayar da kwabo ke turawa ka danna maɓallin farawa. In ka ji kiɗa da ihun 'yan dambe daga lasifika, fanel ɗinka da rai, ka yi hamdala. Sai a zo kan hoto.

Fenti da sitika su ne ƙarshe. Na san su kake ɗokin yi. Ka rubuto mini bayan ka ji sauti.

Tambaya: Malam, nawa yana aiki, amma da na buɗe ƙofar baya sai ya mutu, in na rufe ya dawo. Ko aljanu ne? Daga Zariya.

Amsa: Aljanin yana jikin ƙofar, fari ne ko baƙi, ɗan maɓalli ne da ƙofa ke dannawa. An sa shi ne don ya yanke wuta idan an buɗe, saboda masu saurin kai hannu irinka. Lafiyarsa ƙalau. Bar shi.

Tambaya: Ina da fanel na Neo Geo mai cin kaset. Na ga wani kore-kore kamar gansakuka kusa da batirin da ke kai. In goge kawai? Daga Maraɗi.

Amsa: Cire batirin yau, kada ka kai gobe. Kamfanin SNK ya fara fitar da waɗannan a 1990, batirin kuma mai caji ne, in ya tsufa yana zubar da ruwan da ke cin siraran layukan tagulla na fanel. Koren da ka gani tagulla ce ta ruɓe. Yanke ƙafafunsa, goge wurin da ɗan ruwan khal a auduga, bi da sifirit irin na masu gyaran waya, bari ya bushe sarai, sannan ka bi layukan da mita ka ga ko akwai wanda ya yanke. Gem zai tashi ba batiri, saiti da agogo kawai zai riƙa mantawa.

Amma mai fanel na Capcom CPS-2, wanda ya fito daga 1993, kada ya kwaikwayi wannan. A can batirin ne ke riƙe makullin sirrin da gem ke buɗuwa da shi, in ya mutu gem ya mutu. Tun 2016 an gano yadda ake mayar da makullin, sai dai aikin gwani ne.

Tambaya: Me zai hana in jefar da tsohuwar talabijin in sa sikirin na kwamfuta? Ya fi sauƙi, ba ya cin wuta. Daga Kano.

Amsa: Ba abin da zai hana, sai dai ba zai kama kai tsaye ba. Fanel ɗin yana fitar da hoto a kan kilohaz 15, sikirin na kwamfuta kuma daga 31 yake farawa, don haka sai ka sa na'urar juyi a tsakani, irin GBS-8200. Ka nemi sikirin mai faɗin 4 da tsayi 3, in ba haka ba 'yan wasan za su fito kamar an zauna a kansu. Ni dai ba na so. An zana waɗannan gem ne don gilashin mai doro, a kansa launi ke narkewa cikin juna, kuma ba ya jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. In ka nace, to kada ka jefar da tsohuwar, kada ka ba 'yan jari-bola su fasa ta don waya. An daina ƙera irinta. Ajiye ta a busasshen wuri, fuskarta a ƙasa kan tsohon bargo.

Tambaya: Naushi yana yi, amma maɓallan shuri 3 na ƙasa duk ba sa aiki. Daga Jos.

Amsa: JAMMA maɓalli 3 ya tanadar wa kowane ɗan wasa, Street Fighter II kuma 6 yake so. Na shurin suna da tasu wayar daban da ke shiga wani ƙaramin soket a kan fanel. Ka manta ba ka mayar da ita ba. Da ka ɗauki hoto da ba ka rubuto ba.

Tambaya: Ƙasan akwatina ya kumbura yana marmashewa, ga kuma alamar gara. Daga Sakkwato.

Amsa: Da yawansu da matsattsen garin katako aka yi su, in ya sha ruwa ba ya komawa. Fitar da talabijin da fanel tukuna, ku biyu za ku ɗauka. Kafinta ya yanke ruɓaɓɓen ya sa falanki mai kyau, a shafa maganin gara, a sa masa ƙafafu ya bar taɓa siminti. Ka gaya masa kada ya kankare zanen gefe, ko ya koɗe.

Tambaya: Ko a kashe, ina ganin inuwar rubutu a jikin gilashin. Wane sabulu zai fitar? Daga Katsina.

Amsa: Babu. Ta ciki ne ya ƙone, saboda hoto ɗaya da ya daɗe yana haskawa a wuri ɗaya. Ko ka zauna da shi haka, ko mai gyara ya nemo maka gilashin tsohuwar talabijin mai girma ɗaya wanda wuyansa ya dace.