Tambaya da Amsa: Ina Magna Karta a wasan Sarki Jon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Garwa. Littattafanmu na Faransanci suna kiran Sarki Jon na Ingila Jean sans Terre, kuma da Magna Karta, takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki, muka fi saninsa. Na karanta wasan kwaikwayon da Shekspiya ya rubuta a kansa, ban ga ko ambatonta ba. Me ya sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lallai babu ita a ciki, domin rikicin gado ne ya ɗauke hankalin marubucin.

Jon ya hau karaga a 1199 bayan rasuwar wansa Richad, alhali ga Arta, ɗan wani wan nasa mai suna Jefri, wanda wasu ke ganin ya fi baffansa cancanta, kuma duk wanda ya tashi kusa da fadar lamiɗo ya san yadda irin wannan takaddama take raba gida. Jon ya kama yaron a 1202, daga 1203 kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1204 Sarki Filib na Biyu na Faransa ya ƙwace Nomandi, yankin da Jon ke mulka a arewacin Faransa, a 1209 Fafaroma Inosent na Uku ya kori Jon daga coci saboda gardamar naɗin babban limamin Kantabari, har sai da ya miƙa wuya a 1213. Dukiyar da ya yi ta tatsa don ƙwato ƙasashensa, da kashin da abokan ƙawancensa suka sha a hannun Faransa a yaƙin Bubin a 1214, su suka sa hakimansa suka tilasta masa buga hatimi a kan takardar a watan Yunin 1215.

An rubuta wasan a shekarun 1590, lokacin da Sarauniya Elizabet ta Farko ta tsufa ba ta da ɗa, ga shi Fafaroma ya kore ta daga coci tun 1570, saboda haka maganar magaji da ta Roma ce ke cin 'yan kallo a rai. Magna Karta sai a ƙarni na 17 ta yi tashe, da lauyoyi suka riƙe ta hujja a kan sarakuna.

A ganina zuciyar wasan tana wurin da Hubat, wanda Jon ya ba tsaron yaron, ya zo da ƙarfe mai zafi zai makantar da Arta, yaron ya yi ta magiya har ya fasa. Amma ka faɗakar da ɗalibanka cewa a wasan yaron daga kan ganuwa ya diro ya mutu, wani ɗan zuhudu kuma ya ba sarkin guba, alhali atuni ne ya yi ajalin Jon a watan Oktoban 1216.