Likita ya amsa: Kansar kaluluwa kan dawo a ƙirji bayan shekaru?

Tambaya: Likita, shekara 8 ke nan da aka yi wa maigidana maganin kansar kaluluwa, aka ce ya warke. Yanzu wata biyu yana tari, ya rame, gumi kuma na jiƙa masa shimfiɗa da dare duk sanyin Jos. An ɗauki hoton ƙirji an ga wani abu a tsakiya. Ciwon ne ya dawo? Maman Hauwa, Unguwar Rogo

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Yana yiwuwa. Galibi in za ta dawo, cikin shekara biyu ko uku na farko take dawowa, amma akan samu wadda ta dawo bayan shekara 5, har 10. Sai dai hoto ba ya faɗin sunan ciwo. Abin da aka gani tsakanin huhun nan biyu zai iya zama tabon tsohon ciwon, ko tarin fuka, wanda alamunsa kusan su ne kika lissafa, ko wata sabuwar kansa, musamman in an taɓa gasa masa ƙirji da na'ura. A yi gwajin majina na GeneXpert, mai gano tarin fuka, da hoton CT, mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla. Mai raba gardama shi ne a yanko ɗan naman kaluluwar a duba a madubin likita. In akwai kumburarriya a wuya ko hammata, nan ake ɗauka. In babu, a bi da allura ko ƙaramar tiyata zuwa ƙirjin. Ku ga likitocin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ku riƙo tsofaffin takardunsa, musamman sakamakon naman farko. Mutanenmu da an sallame su sai takardu su bi shara, mu kuma mu yi ta lalube.

Tambaya: Wani mai kemis ya ba ƙanena prednisolone kafin ranar yankan naman, numfashinsa ya yi sauƙi. Ya ci gaba? Malam Sani, Bukur

Amsa: Malam, ku sanar da likitansa yau. Maganin nan yana rage kumburin kaluluwa na ɗan lokaci, har a yanko nama a kasa gane ciwon. Kada kuma ya daina shi farat ɗaya in ya kwana biyu yana sha. Likita zai tsara ragewa.

Tambaya: Yaushe ne ba a jiran ranar ganin likita? Wata ɗaliba, Farin Gada

Amsa: 'Yata, in fuska da wuya suka kumbura, jijiyoyin wuya suka fito raɗa-raɗa, ko numfashi ya sarƙe in an kwanta, ƙullutun da ke ƙirji na iya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A zaunar da mara lafiyar, a nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.