Lambar gwamnati ba ta shiga hannun mai fenti

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi aikin mutumin nan da ya sayi Peugeot 504 a gwanjon gwamnati, ya ce mu shafe koren rubutun lambarta mu mayar da shi shuɗi. Ajiye buroshin ka zauna, ɗana.

Lokacin da nake yaron shago kamarka, rubuta lamba aikinmu ne. Mutum ya karɓo lambarsa a ofishin lasin, ya kawo mana a takarda, mu yanka falle, mu shafa baƙin fenti, mu zana fararen haruffa. KN ta Kano, KD ta Kaduna, SO ta Sakkwato. Motocin gwamnati kuwa tun daga nesa ake gane su: FGN ta tarayya, KNSG ko KDSG ta jiha, galibinsu 504 haɗin Kaduna. Da kuɗin wannan aiki da yawanmu muka yi aure.

A 1992 aka rufe wannan ƙofa. Aka kawo lamba iri ɗaya a duk ƙasa, bugawarta ta koma hannun Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988. Daga nan launin rubutu ke faɗin aikin mota: shuɗi na mai zaman kansa, ja na haya, kore na gwamnati. A 2011 aka sake sabo, mai taswirar Nijeriya, haruffan ƙaramar hukuma da ke ƙarshe suka dawo farko. Lambar mutumin nan tsohon yayi ce da aka daina bugawa, kuma ma ba tasa ba ce. Mota ya saya. Lamba ta ma'aikatar ce, tun a wurin gwanjo ya kamata a kwance ta.

In ka sake samun irinta, shafa ta da yatsa. Inji ne ya turo haruffan daga baya, fuskarta kuma tana da wata fata mai mayar da hasken fitila. Fentinmu na hawa kanta sai ta dushe, jami'i ya haska tocila da dare ya gane nan take. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya yi maka?" Ƙofar shagon nan za a nuna. Abin da ya fi damuna ma, a rajista wannan lamba tana nan da sunan gwamnati. In motar ta kaɗe ɗan wani, wa za a nema?

Na ce masa ya kai takardar gwanjonsa ofishin lasin a ba shi tasa lambar. Namu aikin yana jikin ƙofar motar, inda aka rubuta sunan ma'aikatar. In ya dawo, ka kankare wurin har ka tarar da ƙarfe kafin ka sa firama, wato shafin farko, don tsohon rubutu yakan leƙo ta ƙarƙashin sabon fenti da zarar rana ta dake shi.