Yaƙini a siyasa: wani wuri akwai, wani wuri babu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum irinmu zai iya samun yaƙini kan ra'ayinsa na siyasa. Cewa zalunci mugun abu ne, ko shugaba bai da ikon cinye dukiyar al'umma, wannan ba na shakkarsa, kuma ba sai ka yi digiri ba. Amma wace manufa ce za ta gyara tattalin arziki? Nan masana kansu suna saɓani. Tuna 2003, da Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi suna cewa Saddam ya tara makaman ƙare dangi. Miliyoyi suka gaskata, aka bincike ƙasar ba a sami tarin makaman ba. Abin da ke damuna, yawancin labaran da muke kafa ra'ayi a kansu daga bakin waɗanda muke so muke jin su.