Musaki, Naƙasasshe ko Mai Buƙata ta Musamman?

Wata malamar makaranta ta aiko da tambaya: "Malam, ina da ɗaliba da ba ta iya taka ƙafa. Wasu na ce mata musaka, wasu naƙasasshiya. Wacce ce ta dace, kuma shin naƙasa da kasawa tushensu ɗaya?"

Malama, bari in fara da ta ƙarshen don ta fi sauƙi. Ba tushensu ɗaya ba, kunne ne kawai ke haɗa su. Kasawa daga "kasa" take, wato gazawa. Naƙasa kuwa aro ce daga Larabci, ma'anarta raguwa ko tauyewa, shi ya sa ake cewa an samu naƙasu a lissafi. Don haka masu cewa "naƙasa ba kasawa ba ce" sun yi daidai har a wajen nahawu: gaɓa ce ta tauye, ba mutumin ba.

Kalmar da ta fi damuna ita ce musaki. Ita ma aro ce, daga miskini, jam'insa masakin. A Larabci miskini mabuƙaci ne, wanda abin hannunsa bai isar masa ba, ko da lafiyarsa ƙalau. Dubi aya ta 60 a Suratut Tauba, inda aka jera rukunin mutane 8 da ake ba zakka. An ambaci faƙirai da miskinai, amma ba a ambaci makaho ko gurgu ba. Mu ne muka ɗauki sunan talauci muka liƙa wa mai larurar jiki, har ya zama da an ga mutum da sanda sai hannu ya tafi aljihu, ba a tambayi karatunsa ko sana'arsa ba. Kalma tana gina tunani a hankali. Yarinyar da ta tashi tana jin ana kiranta musaka, an riga an nuna mata hanyar bara tun kafin ta iya baƙi. Ni dai ba na son a kira ɗalibarki da ita. "Mai buƙata ta musamman" sabuwa ce kuma tana da tsawo, amma tana da ladabi. Mafi kyau duka, ki kira ta da sunan yankanta.

Wani bawan Allah kuma ya ce: "Na ji an ce faɗin makaho ko gurgu zunubi ne. Haka ne?"

Ɗan'uwa, ba kalmar ce laifi ba, niyya da muryar da aka faɗe ta ne. Alƙur'ani da kansa ya ce "makaho" a farkon Suratu Abasa, kuma a wajen girmamawa ya faɗa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum ne ya zo neman ilimi lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake magana da manyan Ƙuraishawa, sai wahayi ya sauka yana fifita mai neman shiriyar. Wannan sahabin ya zama ladani tare da Bilal, kuma an sha barin sa yana yi wa mutanen Madina limanci idan an fita yaƙi. Amru ɗan Jamuh gurgu ne, an ɗauke masa fita yaƙi, ya nace, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. A cikin masu ruwaito hadisi akwai Al-A'araj, wato gurgu, da Al-A'amash, mai raunin gani, kuma malamai sun halatta irin wannan laƙabi idan don a gane mutum ne. Abin da aka hana shi ne na aya ta 11 a Suratul Hujurat: izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Idan mai sunan ba ya so, ka bari.

Tambaya ta uku a kan karin magana ce: "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Wannan ba raini ba ne?"

A'a, yabo ne ma. Ana nufin wanda ka ɗauka ba shi da ƙarfi, in ya ƙalubalance ka to da shirinsa. Wadda nake ƙyama ita ce "ido wari gare shi, in ji makaho", domin dariya ake nema da rashin da mutum bai jawo wa kansa ba. Tsofaffi suna da abin da suke tsawatar wa yaro da shi idan ya kwaikwayi tafiyar gurgu: "ba a gama maka halitta ba." Ma'anarta, idon da kake taƙama da shi yau aro ne, ciwo ko haɗari ko tsufa na iya karɓe shi kafin ka bar duniya.