Tambaya da Amsa: Wa ke tilasta wa ƙasa cika alkawarin ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, kuma na sha jin cewa Amurka ta fitar da Kamaru daga tsarin AGOA saboda rashin cika sharuɗɗa. Shin ciniki ya yanke ke nan tsakanin ƙasashen biyu? Kuma idan babbar ƙasa ce ta saɓa alkawari, wa ke hukunta ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ciniki bai yanke ba, rangwame ne aka janye. Kamaru ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Chadi kuma a 1996, kuma babbar ƙa'idar ƙungiyar ita ce harajin kwastan da ƙasa ta sa wa kayan wata mamba, shi za ta sa wa na sauran mambobi. Wannan haƙƙi na Kamaru yana nan. AGOA kuwa doka ce da majalisar Amurka ta yi a 2000 domin kayan wasu ƙasashen Afirka su shiga kasuwarta ba haraji, kuma shugaban Amurka ne ke duba cancantar kowace ƙasa duk shekara. An fitar da Kamaru daga ranar 1 ga Janairun 2020 bisa zargin jami'an tsaronta da take haƙƙin ɗan Adam, kuma babu kotun da za ta kai ƙara, domin ba yarjejeniya ce ta ɓangarori biyu ba.

Ba kullum ba ne sharaɗin ke shafar haƙƙin ɗan Adam. Ruwanda ta ƙara haraji a kan gwanjo domin ta raya masana'antun ɗinkinta, dillalan gwanjon Amurka suka kai kuka, sai aka dakatar da rangwamen tufafinta a 2018.

Tambayarka ta biyu ce ta fi nauyi, kuma auduga ce za ta amsa ta, abin da mutumin Garwa, garin kamfanin auduga na Sodecoton, ya fi kowa sani. A 2002 Burazil ta kai ƙarar Amurka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Janeba, tana cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi a duniya. Chadi da Benin sun shiga shari'ar a matsayin waɗanda abin ya shafa. Burazil ta yi nasara, amma ƙungiyar ba ta da 'yan sanda ko gidan yari. Iyakar abin da take yi shi ne ta ba wanda aka cuta izinin ramawa. Da aka ba Burazil wannan izini a 2009, har da damar taɓa haƙƙin mallakar fasaha na kamfanonin Amurka, sai Amurka ta nemi sulhu: ta riƙa biyan kusan dala miliyan 147 a shekara daga 2010, sannan aka rufe maganar a 2014 da dala miliyan 300.

Kuɗin ya tafi ga Burazil. Chadi, Mali, Benin da Burkina Faso, waɗanda suka haɗa kai tun 2003 a kan wannan koke, ba su sami irin wannan diyya ba, kuma a ganina dalilin a fili yake: ko an ba Chadi izinin ƙara haraji a kan kayan Amurka, abin da take saya daga can bai kai ya girgiza kowa a Washinton ba, kuma masu saye a Injamena ne za su biya tsadar.

Tun Disambar 2019 ma lamarin ya ƙara rauni, domin Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai a kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar. Ƙasar da aka kayar a matakin farko tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta zama, hukuncin kuma ya tsaya cik.