Mu 14 ne, mota ɗaya: yaya za mu je bikin yaye ƙanwarmu a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ƙanwata ta kammala digirinta na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai nan. Mu a Sakkwato muke. Innarmu ta ce ko da rarrafe sai ta je bikin yaye su, ga shi tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga. Da na ƙirga masu cewa za su, mun kai mu 14 har da yara, mota kuwa ɗaya ce. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, komai a wuyana yake. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a karatun yarinyar nan, kai kuma ya saka maka da alheri bisa riƙon gida.

Ɗan'uwa, tafiyar nan ta mutum biyu ce, Inna da ƙanwarka. Sauran duk 'yan rakiya ne, har da kai. Idan ka riƙe wannan a ranka, duk wata shawara da za ka yanke za ta zo maka da sauƙi.

Kafin ka taɓa maganar mota, ka tabbatar da rana. Kada ka dogara da abin da ake yawo da shi a WhatsApp. Ka sa ƙanwarka ta duba sanarwar jami'a da kanta, ta kuma tambaya a tsangayarsu, don ana ɗaga irin wannan biki, wani lokaci saura 'yan kwanaki. Sannan a jami'o'inmu sau da yawa ba yini ɗaya ake yi ba: akwai ranar lacca, akwai ranar miƙa digiri, wani lokaci ma a raba masu digirin farko da masu na biyu da na uku. Ta gano wace rana ce tata, ƙarfe nawa ake son su zauna, ko akwai katin gayyata kuma mutum nawa yake shigarwa, da kuma inda ake biyan kuɗin rigar yaye da ranar karɓarta. Rigar nan ta karɓe ta tun kafin ku iso. Wanda ya bari sai safiyar biki, a layi zai ƙare.

Akwai abin da nake son ka faɗa wa Inna tun a gida, cikin lallashi. Ahmadu Bello jami'a ce babba, tun 1962 take, ɗaliban da take yayewa kuwa dubbai ne. Yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya ci wata 8, ya hargitsa jadawalin jami'o'i da yawa, har ta kai wasu suna haɗa rukuni biyu ko fiye a biki guda. A taro irin wannan ba a kiran kowa da sunansa. Galibi shugaban tsangaya ne yake gabatar da ɗalibansa a dunƙule, su miƙe, a furta kalmomin ba su digiri, su zauna. Masu hawa dandamali su ne waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya ko suka ci kyauta, sai masu digiri na uku. Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa a bikin wata jami'a, tun safe tana riƙe da carbi, idonta na kan lasifika. Aka yi, aka gama, mutane suka fara naɗe tabarmi, sai ta dafa hannuna ta ce, "Ɗana, yaushe za a kira sunan nawa?" Har yau ban manta fuskarta ba. Babu wanda ya zauna ya yi mata bayani kafin su baro gida. Kada ka bari haka ta sami Inna. Ka gaya mata cewa rabonta a wannan rana shi ne ta ga 'yarta cikin riga da hula, ta dafa kanta ta sa mata albarka, a ɗauke su hoto tare. Haka nan ba lalle ne a miƙa takardar shaidar digiri a ranar ba, wannan da tsarinta daban.

Ba ka faɗi abin da ƙanwarka ta karanta ba. In likitanci ne, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, to suna da ranar rantsuwa ta daban. Taron ya fi ƙanƙanta, a ɗaki ake yi, kuma an fi samun damar ganin kowa da jin sunansa. Da za a ba ni zaɓi, wannan zan kai dattijuwa mai ciwon gwiwa.

Yanzu maganar mutum 14. Daga Sakkwato zuwa Zariya kusan kilomita 400 ne, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe da Funtuwa. Ka fi ni sanin halin da wannan hanya take ciki. Ba hanyar da za a bi da dare ba ce, ba kuma wadda za a cusa yara a kan cinya a yi ta da tsohuwar taya ba. Ku tashi bayan gari ya waye sosai, ku yi niyyar shiga Zariya kafin la'asar ta yi sanyi, kuma ranar jajibiri, ba ranar biki ba. Da safiyar tafiya ka tambayi direbobin tasha labarin hanya, sun fi kowa sani. Motarka ta ɗauki mutum 5 da direba a ciki, ba ƙari. In akwai hali, a ɗauki shatar bas daga tasha, direba sananne, kowa ya kawo nasa kason. In babu hali, kada ka ci bashi don kunya. Inna, kai, mace ɗaya mai ƙarfi da za ta riƙa kula da Inna, sai wani babba daga dangin mahaifinku don a ba su haƙƙinsu. Ƙananan yara a bar su gida. Na san za a yi gunaguni. Maganinsa ka yanka ranar walima a gida tun yanzu, ka sanar da kowa, don wanda bai je ba ya san akwai nasa rabon.

Kwana 2 ko 3 kafin tafiya bakanike ya duba birki, taya, ruwan lagireto da fitilu, a tabbatar safaya tana da iska, takardun mota kuma ba su ƙare ba. A tsaya a Gusau da Funtuwa Inna ta sauko ta miƙe ƙafa, don dogon zama yana ƙara wa gwiwa tsami. Kuna da sauƙin yin ƙasaru tunda ba kwana 4 za ku yi ba.

Abu ɗaya da zai yi muku daɗi shi ne, mai zuwa daga Funtuwa ta Giwa da Shika yake shigowa, ya tarar da Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, tun bai shiga cikin gari ba. Saboda haka ka fara neman masauki a wannan ɓangaren. Sai dai ɗakunan Samaru su ne suke fara cika, kuɗinsu kuma ya tashi. Ƙanwarka ta san gari, ta je da ƙafarta ta ga ɗakin, ta duba ruwa da banɗaki, ta ba da kafin alƙalami, ta karɓi rasit. Ta nemi ɗakin ƙasa, kada a sa Inna hawa bene. In sai a Sabon Gari ko Tudun Wada aka samu, to ku fito da sassafe, don cunkoson Kwangila, mahaɗar da za ku bi zuwa Samaru, a rana irin wannan yana iya cinye muku awa guda. In kuwa gidan dangi za ku sauka, ku sanar da su da wuri, ku faɗi adadinku na gaskiya, ku kuma riƙo abin cefane. Ka lura kuma, in ƙanwarka a Kongo, ɗaya harabar jami'ar da ke Zariya, ta yi karatu, kamar masu karatun lauya, kada ka ɗauka can ne bikin. Ta tabbatar da wurin.

A ranar, Inna ta karya kumallo ta sha maganinta kafin ku fita. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, ga rana ga jira, sugansa yana iya faɗuwa. Alamarsa gumi, rawar jiki da jiri, don haka a riƙe dabino ko lemon kwalba mai zaƙi a jakar mai kula da ita, ba a but ɗin mota ba. Motar za a iya ajiye ta nesa, sai ka roƙi masu tsaron ƙofa su bari ka sauke Inna kusa kafin ka je ka faka. Yawanci in sun ga dattijuwa suna tausayawa. Ku riƙo kujerar roba, tabarma, lema, ruwa da abinci a kula. In bikin ya faɗo cikin hunturu, sanyin safiyar Zariya ba wasa ba ne, a ɗauko mata rigar sanyi da safa.

Waya kuwa kada ka amince mata. Inda dubban mutane suka taru, kira ba ya shiga, tura kuɗi ta waya ya maƙale. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado a aljihun ciki, kuma ku yanke wurin haɗuwa tun da dare, wurin da kowa zai iya tambaya a nuna masa, kamar gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko gindin dogon ginin Sanet, inda ofisoshin shugabannin jami'a suke.

Hoto ku ɗauka da safe, kafin ƙanwarka ta shiga cikin 'yan uwanta ɗalibai, lokacin fuska ba ta yi gumi ba, Inna kuma ba ta gaji ba. Masu hoton nan-take za su kewaye ku, ku yi ciniki kafin a ɗauka, kada a biya sai hoto ya zo hannu. Bayan an tashi ku ba ta lokaci ta yi sallama da ƙawayenta da malamanta, wasunsu ba za ta sake ganinsu ba.

Kada ku kama hanya a wannan yammacin, komai ɗokin gida. Ku sake kwana, direba ya huta, washegari da hantsi ku tashi. In dokar jami'a ta yarda a sayi rigar ko a riƙe ta 'yan kwanaki, ta taho da ita Sakkwato ta sa ranar walima, yaran da aka bari gida su ga yayarsu a ciki.